Ku Tambaya, Mu Amsa: Yadda Ake Zana Taswirar Kogin Ƙanƙara da Hoton Sama

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda: ta yaya ake sanin ƙanƙarar da ke kan manyan duwatsun duniya tana raguwa, alhali ba wanda ya hau ya auna ta da igiya? Mun zaɓi biyar daga ciki.

Wata malamar jogirafi daga Katsina ta ce: Ɗalibaina sun tambaye ni mene ne kogin ƙanƙara, kuma don me ba za a ɗauki hotonsa daga jirgi a zana iyakarsa kawai ba. Me zan ce musu?

Malama, ki fara da cewa ba kowace ƙanƙara ce ake kira haka ba. Idan dusar ƙanƙara ta yi ta sauka a wuri shekara da shekaru, wadda ta sauka ta fi wadda ta narke, ta sama tana danne ta ƙasa har ta daskare ta zama dunƙule. In ta yi kauri sosai, nauyinta kan sa ta fara malalowa gangare a hankali, kamar kunu mai kauri da aka karkata kwanonsa. Wannan tafiya ce ta sa muke ce masa kogi. A Afirka wuri uku kaɗai yake: Kilimanjaro a Tanzaniya, Dutsen Kenya, da duwatsun Ruwenzori a kan iyakar Uganda da Kwango.

Amsar tambaya ta biyu ita ce hoto ba taswira ba ne. A taswira, santimita ɗaya tsawonta ɗaya ne a ko'ina. A hoto kuwa, abin da ke kusa da kyamara yana fita da girma, na nesa yana ƙanƙancewa, kuma duk abin da ya yi tsayi yana karkata waje daga tsakiyar hoton. A filin Haɗejiya, inda ƙasa take shimfiɗe, wannan ba ya yin ɓarna sosai. A kan dutse yana yi. Ga lissafin da za ki iya yi musu a allo. Tsohuwar kyamarar jirgi tana da nisan ido, wato tazarar gilashinta da fim, milimita 152, fim ɗinta kuma santimita 23 a kowane gefe. Idan jirgi ya tashi mita 3,040 sama da ƙasa, ma'aunin hoton ya zama 1:20,000, hoto ɗaya ya ɗauki kilomita 4.6 kowane gefe. To a ce akwai ƙololuwa da ta ɗara kewayenta da mita 300, kuma ta faɗo santimita 10 daga tsakiyar hoton. Za ta goce daga ainihin wurinta da kusan santimita ɗaya a takarda, wato kusan mita 200 a ƙasa. Wanda ya ɗora takarda ya bi gefen ƙanƙarar da fensir, ya zana ƙarya yana ganin gaskiya ce.

Maganin abin shi ne a ɗauki kowane wuri daga kusurwa biyu ko fiye. Ki sa yaro ya miƙe yatsansa, ya rufe idon dama, sannan ya rufe na hagu. Zai ga yatsan ya yi tsalle. Abin da ke kusa ya fi yin tsalle, na nesa bai cika motsi ba, kuma daga girman tsallen ake lissafa nisa. Shi ya sa jirgi ke ɗaukar hotuna a jere, kowane hoto ya maimaita kashi 60 cikin ɗari na wanda ya gabace shi, layi kuma ya hau kan layin da ke gefensa da kamar kashi 30. Daga nan ake fitar da tsayin kowane wuri, sannan a yi amfani da tsayin a miƙe hoton ya koma daidai da taswira. Sai bayan an yi wannan ake taɓa fensir.

Wani safiyo daga Kaduna ya rubuto: Ina aiki da jirgi marar matuƙi wajen awon filaye. Idan da za a ba ni aikin ƙanƙara, me zan canja a tsarina?

Malam, rabin aikin ka riga ka iya. Ɗaya rabin ne ke kayar da mutane.

Fara da lokaci, don shi ne ba ya gyaruwa a kwamfuta. Ana son ƙarshen lokacin narkewa, sa'ad da dusar bana ta janye ta bar ainihin ƙanƙarar a fili, kafin sabuwa ta sauka. A duwatsun Alps na Turai, wannan ƙarshen Agusta ne zuwa Satumba. A Kilimanjaro ana kauce wa damunoni biyu, ta Maris zuwa Mayu da ta wajen Oktoba zuwa Disamba. Dusa ta dare ɗaya ta isa ta ɓata tafiya gaba ɗaya: tana rufe gefen ƙanƙara da dutsen da ke kusa da ita su zama fari ɗaya, ba ka sanin inda wannan ya tsaya wancan ya fara. Kuma a duwatsu masu tsayi na yankin zafi gajimare kan taso kafin azahar, don haka aikin na safe ne.

Sai tsarin tashi. Ɗauki Phantom 4 Pro na DJI a matsayin misali, tunda safiyoyi da yawa sun san shi. A tsayin mita 100, kowane ɗigon hoto, wato ƙwaya mafi ƙanƙanta a cikinsa, yana ɗaukar kamar santimita 2.7 na ƙasa, hoto guda kuma ya rufe wajen mita 150 da mita 100. Ka sa maimaici kashi 80 a gaba da kashi 70 a gefe, ba 60 da 30 na manyan jirage ba, domin farin wuri ba ya ba manhajar haɗa hotuna alamu da yawa. Kashi 80 na nufin hoto ɗaya duk mita 20.

Nan ne tarkon yake. Jirgin yana lissafa tsayinsa daga inda ya tashi, ba daga ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba. In ka tashe shi daga gindin gangare ya nufi sama, ƙasa ta hau da mita 60, to tsakaninsa da ƙanƙara saura mita 40. Hoton da ya kamata ya rufe mita 100 yanzu mita 40 yake rufewa, amma har yanzu duk mita 20 yake ɗauka. Maimaicinka ya faɗo daga 80 zuwa 50 ba tare da ka sani ba, sai ka koma gida ka ga saman aikin ya ƙi haɗuwa. Ko ka yi amfani da tsarin da ke sa jirgi ya bi tudu da kwari, ko ka yanka wurin gida-gida, kowane yanki da tsayinsa.

Kyamara kuma kada ka bar ta ta yi wa kanta hukunci. Ka rage haske da kamar mataki ɗaya, ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, domin wurin da ya ƙone ya zama fari fat ba abin da zai dawo da shi, amma mai ɗan duhu ana iya haskaka shi. Saurin rufe ido 1/1000 na daƙiƙa ko fiye: jirgi mai gudun mita 10 a daƙiƙa zai ja hoton da santimita ɗaya kacal a wannan sauri, ƙasa da rabin ɗigo.

Batir shi ne abin da zai fi ba ka haushi. Sanyi yana rage masa ƙarfi, kuma yakan nuna saura da yawa sannan ya faɗi farat ɗaya. Ana ajiye shi cikin riga, a jikin mutum, sai an zo tashi a fito da shi. Ga kuma iska: a ƙololuwar Kilimanjaro, mita 5,895, nauyin iska bai wuce rabin na bakin teku da kaɗan ba, don haka farfela dole ta ƙara juyi kafin ta ɗaga jirgin. Kada ka gina shirinka a kan mintocin da aka rubuta a kwali.

Shi dai wannan safiyo ya ƙara da cewa: Alamun ƙasa fa, waɗanda ake aunawa don ɗaure hoto da ainihin wurinsa? Ina zan kafa su, tunda ƙanƙarar tana tafiya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi, kuma mun so a ce kowa ya fara da ita.

Gindin aikin ba a kan ƙanƙara yake ba, a kan dutsen da ke kewaye da ita yake. Ka nemi falalen dutse wanda ba ya motsi, ka shimfiɗa alamarka, kyalle kamar mita ɗaya a kowane gefe mai gicciye a tsakiya, baƙi da ruwan lemo ko wani launi da ba zai ɓace cikin fari ba. Ka auna tsakiyarsa da na'urar GPS ta safiyoyi mai tasha biyu, wadda ke ba da santimita biyu zuwa uku. Ta hannu ko ta waya ba ta da amfani a nan, kuskurenta mitoci ne. Ka yi hattara da tarin tsakuwa da ke gefen kogin. Ido yana ganinsa kamar ƙasa, amma sau da yawa akwai ƙanƙara binne a cikinsa, yana zama a hankali. Alamar da aka kafa a kai bana, baɗi ta sauka.

A ƙaramin kogi, alamu goma zuwa goma sha biyar sun wadatar, amma rarrabuwarsu ta fi yawansu muhimmanci: sama, ƙasa, hagu, dama. Mutane sukan jera su duka a gindi saboda nan ne ke da sauƙin zuwa, sai saman taswirar ya karkata ba mai riƙe shi. In faɗin ya yi yawa dole ka sa wasu a kan ƙanƙarar kanta, to ka auna su a ranar da aka tashi jirgin, in so samu ne cikin awa ɗaya ko biyu. A lokacin zafi, harshen kogi, wato ƙarshensa na ƙasa, yana iya sauka da santimita da dama a yini guda.

Sannan ka ware uku ko huɗu ka ɓoye wa manhaja su. Kada su shiga lissafi ko kaɗan. Bayan an gama, ka duba abin da taswira ta ce game da su, ka gwada da abin da ka auna. Wannan ne kuskurenka na gaskiya. Lambar kuskuren da manhajoji irin su Agisoft Metashape ko Pix4D ko MicMac za su nuna maka a kan alamun da ka ba su, kamar ɗalibi ne ya duba jarrabawar kansa.

Akwai wata cuta da ake samu musamman idan duk hotunan kai tsaye ƙasa suke kallo, layukan kuma a jere. Manhaja takan yi kuskure kaɗan wajen gane lanƙwasar gilashin kyamara, sai dukkan taswirar ta kumbura a tsakiya kamar ƙwarya a kife, ko ta lotsa. A ido ba ka gani. Amma a aikin da ake neman sauyin rabin mita, ƙwaryar kaɗai tana iya haifar da shi. Maganinta: a ƙara zagaye na biyu da ya gitta na farko, a karkata kyamara kamar digiri 15 zuwa 20, a kuma sami alama a tsakiya. Jirgi mai RTK, wato mai GPS da ke auna wurinsa daidai da 'yan santimita yana cikin tashi, yana rage yawan alamun da ake buƙata, amma ba ya ɗauke maka na gwaji. Karkatar da kyamara tana da wani amfani a Kilimanjaro, inda ƙanƙarar saman dutse ta tsaya da bango a miƙe kamar katanga. Hoton da ke kallon ƙasa kai tsaye ba ya ganin fuskar bangon.

Wani ɗalibin jami'a daga Zinder ya tambaya: Na karanta cewa ƙanƙarar Kilimanjaro ta ragu da kashi 85 cikin ɗari. Wa ya auna ta a da, tunda ba tauraron ɗan'adam?

Ɗan'uwa, awo da hoto ya girmi tauraron ɗan'adam nesa ba kusa ba, ya ma girmi jirgin sama. Sebastian Finsterwalder ya zana taswirar kogin Vernagtferner na Ostiriya a 1889 da hotunan da aka ɗauka daga ƙasa, ana girke kyamara a wuraren da aka auna. Da irin wannan dabara Fritz Klute da Eduard Oehler suka yi aikin Kilimanjaro a 1912, Carl Troll da Karl Wien kuma suka zana kogin Lewis na Dutsen Kenya a 1934. Daga aikin 1912 aka samu cewa ƙanƙarar Kilimanjaro ta kai murabba'in kilomita 11.4, a 2011 ta koma wajen 1.76. A tsakani, tawagar Lonnie Thompson ta Jami'ar Jihar Ohio a Amurka ta yi amfani da hotunan jirgi na 2000 da na 2007, ta ga kusan kashi 26 na abin da ke nan a 2000 ya tafi cikin shekara bakwai.

Tsofaffin hotunan jirgi dukiya ce. Norwe ta ɗauki hotunan tsibiran Svalbard a 1936 da 1938, kuma a 2022 aka wallafa aikin da ya sarrafa fiye da 5,500 daga cikinsu, aka sake gina siffar ƙanƙarar wancan zamani. Haka aka yi da hotunan gaɓar kudu maso gabashin Girinlan na farkon shekarun 1930, daga tafiyar Knud Rasmussen.

Sai dai aiki da tsohon fim yana da nasa sharuɗɗa. Ana kwafe shi da na'urar sikana ta musamman, a kan ɗigo mai maikuron 10 zuwa 15 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). A ma'aunin 1:20,000, maikuron 12.5 ya zama santimita 25 a ƙasa. Sikana ta ofis ba ta yi, domin tana jan hoto ba daidai ba, wani wuri ta miƙe wani ta matse. Dole alamun da ke kusurwoyi da gefen fim su fito a cikin kwafin, don da su ake gano tsakiyar hoton, da su kuma ake gyara ƙanƙancewar da fim ya yi saboda tsufa. Sau da yawa za ka tarar wani ya yanke su da almakashi don hoton ya yi kyau. In an sami takardar gwajin kyamarar, an huta. In ta ɓata, manhaja za ta ƙiyasta, amma a sa ran kuskure ya ƙaru. Alamun ƙasa kuma, tunda ba za a koma 1936 a shimfiɗa kyalle ba, ana neman ƙololuwa ko katon dutse da ke cikin tsohon hoto kuma yana nan har yau, a ɗauki awonsa daga taswirar zamani.

Raunin tsofaffin hotuna yana can saman kogi, inda dusa ke kwance. Fim yakan fito fari sol, manhaja ta rasa abin kamawa, sai a sami ramuka a taswirar tsayi. Yadda aka cike waɗannan ramuka yana canja sakamako, don haka idan kana karanta irin wannan aiki, nemi kashi nawa aka auna, kashi nawa aka cike.

Wata injiniyar ruwa daga Kano ta ce: Faɗi na gane. Amma ta yaya ake sanin yawan ruwan da ya tafi? Hoto yana ganin kauri ne?

Hajiya, ba ya gani. Hoto fata kawai yake gani. Kaurin ƙanƙara har zuwa dutsen da ke ƙasanta sai da na'urar rada ko haƙa. Abin da hoto ke bayarwa shi ne bambanci. A yi taswirar tsayi ta wata shekara, a yi ta wata, a cire ɗaya daga ɗaya.

Misali kawai: kogi mai faɗin murabba'in kilomita 2, ya sauka da mita 10 a matsakaici cikin shekara goma. Wato mita kubik miliyan 20. Kafin a mai da shi ruwa sai an ninka da nauyi. Tsantsar ƙanƙara tana da kilo 917 a mita kubik, amma abin da ya tafi gauraye ne da tsohuwar dusa da ba ta gama daskarewa ba, don haka aka saba amfani da kilo 850, da rangwamen 60 sama ko ƙasa. Ya zama tan miliyan 17 na ruwa. Wannan lamba ta 850 ta tazara mai tsawo ce, shekara biyar zuwa sama. Wanda ya yi amfani da ita a kan shekara ɗaya ya ɗauki kasada, domin dusa mai yawa ta shekara guda tana ɗaga sama ba tare da nauyi mai yawa ba.

Kafin a cire, dole a daidaita taswirorin biyu su hau kan juna, kuma a nan ne yawancin sakamakon banza ke fitowa. A ce ɗaya ta goce gabas da mita 5 kacal. A gangare mai digiri 30, wannan yana haifar da bambancin tsayi na kusan mita 2.9 wanda babu shi. Alamarsa a bayyane take: duk gangaren da ke fuskantar gabas ya nuna ya tashi, duk mai fuskantar yamma ya nuna ya sauka, har a kan dutsen da ba ƙanƙara. Dutse kuwa ba ya kumbura. Don haka ana rufe ƙanƙarar a manhaja, a duba dutsen kaɗai, a yi ta matsar da taswira ɗaya har bambancin ya koma sifiri ko kusa da shi. Hanyar da masana Nuth da Kääb suka fitar a 2011 ita aka fi bi wajen wannan. A misalinmu na sama, gocewar tsayi ta mita 2 da ba a kama ba za ta ƙara ko ta rage mita kubik miliyan 4, kashi ɗaya cikin biyar na amsar duka. Rahoton da bai faɗi abin da ya samu a kan dutse ba, mu dai ba ma saurin yarda da abin da ya faɗa a kan ƙanƙara.

Wani wuri mai wuya shi ne kogin da tsakuwa da duwatsu suka lulluɓe, irin na Himalaya. A nan fari ba ya taimaka, domin harshen kogin launin ƙasa yake. Ana gane iyakarsa ta inda ƙasa ke sauka tsakanin awo biyu, ta tafkuna da bangwayen ƙanƙara da ke leƙowa, da kuma motsi: a bi dutse ɗaya a hoto biyu a ga nisan da ya yi. A kogin Lirung na Nefal an tashi jirgi marar matuƙi a Mayu da Oktoba na 2013, aka ga saukar ba daidai take ba ko kaɗan, ta fi tsanani a kusa da bangwaye da tafkuna.

Wani mai karatu daga Kumasi ya ce: Tunda akwai hotunan tauraron ɗan'adam kyauta, me ya sa ake wahala da jirgi?

Girman abin da ake aunawa ne ke yanke hukunci, Alhaji. Don lissafin duniya gaba ɗaya, koguna fiye da 200,000, tauraro ne kaɗai zai iya. Da hotunansa aka ƙiyasta asarar kimanin tan biliyan 267 a shekara tsakanin 2000 da 2019. Amma ɗigon hoton tauraron Landsat mita 30 ne. Ɗauki guntun ƙanƙara mai mita 300 kowane gefe, irin waɗanda suka rage a duwatsun gabashin Afirka. Kewayensa mita 1,200. Kuskuren rabin ɗigo a gefe ya zama murabba'in mita 18,000 cikin 90,000, kashi 20 ke nan. Da hoton jirgi mai ɗigon santimita 25, wannan kuskure bai kai kashi ɗaya ba.

Ɗalibin Zinder ya rufe wasiƙarsa da cewa: Mu da ba mu da ƙanƙara, ina amfanin koyon wannan?

Ƙanƙara dai babu. Dutsen Kamaru da Emi Kusi na Cadi ma ba su da kogin ƙanƙara. Amma dabarar ba ta san ƙanƙara ba, tsayi take aunawa. Da ita ake lissafa ƙasar da zaizaya ta kwashe a kwazazzabo tsakanin damina biyu, da tafiyar tudun rairayi a arewacin Yobe ko yankin Diffa, da yashin da ya cike madatsar ruwa idan ta janye da rani. Ana koyar da awo da hoto a cibiyar AFRIGIST da ke Ile-Ife da Makarantar Safiyo ta Tarayya da ke Oyo, kuma manhajojin QGIS da OpenDroneMap da MicMac duk kyauta ne. Ka nemi izinin hukuma kafin ka tashi jirgi. Rairayi ma zai ba ka irin ciwon kan da dusa ke bayarwa: da tsakar rana launinsa ɗaya ne, manhaja ta rasa alama, don haka ka tashi da hantsi ko la'asar lokacin da inuwa ke fito da tsagin da iska ta yi. Matsalarka babba ita ce wurin kafa alama, tunda a tsakiyar tuddai ba falalen dutse. Sai ka haƙa ka zuba kankare a kwarin da ke tsakaninsu, ka sake auna shi duk lokacin da ka dawo.